Yadda ɗalibi zai koyar da kwamfuta daga 'yan aji ɗaya har zuwa manyan sakandare

Ranar da aka miƙo mini jadawalin darussa ni ma ɗalibi ne, ban kammala karatu ba. Azuzuwa shida aka rubuta mini, na ƙasa 'yan shekara shida, na sama kuwa sun kusa kamo ni a shekaru. Da daddare na zauna na shirya darasi guda a kan sassan kwamfuta, da niyyar in sassauta shi ga ƙanana, in ƙara masa nauyi ga manya. Washegari wata yarinya 'yar aji ɗaya ta yi ta dangwalar fuskar kwamfuta da yatsa tana jiran hoto ya motsa, don da waya ta saba. Da na nuna mata linzami, wato mouse ɗin da ake motsa kibiyar kwamfuta da shi, sai ta ɗaga shi sama tana kaɗawa a iska. Bayan awa biyu na shiga ajin manya, kafin in gama rubuta kan darasi a allo wani yaro ya riga ya sauya hoton fuskar kwamfutarsa, yana neman ta maƙwabcinsa. Darasin nan bai yi wa kowa daidai ba.

Koyon kwamfuta aikin hannu ne, irin koyon keke ko ɗinki, ba a iya shi da sauraro. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka a ƙofar kowane aji ita ce: me hannun waɗannan yaran zai iya yi yau, kuma me hankalinsu zai iya riƙewa? Matakan da ke biye duk daga wannan tambayar suka fito.

Mataki na farko: ka riga yaran shiga ɗakin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin darasinka na farko, ka nemi mabuɗin ɗakin kwamfuta, ka kunna kowace na'ura da hannunka. Adadin da aka faɗa maka a ofis daban, adadin da ke tashi daban. Ka gwada linzamin kowace, ka buɗe wurin rubutu ka danna haruffa duka, don ba wuya ka tarar da madanni ɗaya ko biyu sun mutu. Ka manna wa kowace kwamfuta lamba, ka zana tsarin ɗakin a littafinka. Ka tambayi mai kula da ɗakin kalmar sirrin shiga, da ko an yarda ka saka sababbin manhajoji. Kada ka saka komai sai da izininsa.

In an yarda, manhajoji biyar sun ishe ka shekara guda, dukansu kyauta ne kuma suna aiki ko babu intanet: GCompris da Tux Paint don ƙanana, Scratch don 'yan tsakiya, LibreOffice don rubutu da lissafi in babu Word da Excel, sai Thonny don manya masu koyon Python, wani harshen rubuta wa kwamfuta umarni. Ka ajiye su a filash ɗinka, ka saka su tun kafin ranar, domin minti goma da za ka ɓata kana jiran abu ya sauka yara talatin na kallonka sun isa su wargaza aji. Sannan ka tanadi darasi ɗaya da ba ya buƙatar na'ura ga kowane aji. Ranar da wuta za ta ɗauke ko intanet ya yanke tana nan zuwa.

Mataki na biyu: ka tambayi malamin aji, sannan ka auna yaran da idonka

Da ɗan gari akan ci gari. Malamin kowane aji ya san abin da za ka yi wata uku ba ka gano ba. Ka je ka gaishe shi, ka tambaya kai tsaye: "Malama, don Allah su wa ne karatu bai zauna musu ba tukuna? Akwai mai matsalar gani ko ji? Su wa ba a haɗa su zama?" Ka kuma tambayi inda suka kai a lissafi, domin ba za ka yi wa yara maganar kusurwa ba alhali ba su taɓa jin kalmar digiri ba. Ka karɓi tsarin karatun zangon in akwai, ka san abin da makaranta ke jira daga gare ka.

Darasinka na farko a kowane aji gwaji ne, amma kada ka kira shi gwaji. Ka ba su ɗan aiki: a kunna kwamfuta, a buɗe wurin rubutu, kowa ya rubuta sunansa, a adana, a kashe yadda ya kamata. Ga ƙanana, ka tsaya a motsa linzami da danna hoto. Kai kuma ka zagaya da jerin sunaye kana sa alama iri uku: ya iya, yana iyawa da taimako, bai fara ba. Za ka sha mamaki. Yaron da ya ƙware a waya, yana aika saƙo kamar walƙiya, sau da yawa bai san inda fayil ke zuwa ba in an adana shi, don waya ta ɓoye masa wannan ɓangaren gaba ɗaya.

Mataki na uku: ƙa'idojin ɗaki, har da taka

Fuskar kwamfuta in tana haske ta fi muryarka ƙarfi, ko a gaban ɗan shekara shida ko ɗan sha bakwai. Don haka ka yi bayaninka kafin su taɓa na'ura: ƙanana su zauna a gabanka, manya su juya kujerunsu ko su kashe fuskar. Ka zaɓi alama guda ta tsayawa, ko tafi uku ko "hannu a gwiwa", ka yi ta gwada ta a makon farko har ta zauna. Kowa ya riƙe lambar kwamfutarsa har ƙarshen zango, ta haka fayilolinsa na wuri ɗaya, kuma in abu ya lalace ka san wanda za ka tambaya. A darasin minti 40, bayaninka kada ya wuce minti bakwai ko takwas. Aƙalla minti 20 hannunsu ne a kan aiki, minti biyar na ƙarshe kuma na adanawa da kashewa ne, kada ka bari ƙararrawa ta riske su ba su adana ba.

Ƙa'idar da ta fi wuya taka ce: kada ka karɓi linzami daga hannun yaro. Zai kira ka, "Malam, ta ƙi!", kai kuma ka san abin da za a danna, daƙiƙa biyu ya isa. In ka danna masa, aikin ya yi, amma shi bai koyi komai ba sai cewa in abu ya cije a kira Malam. Ka goya hannuwanka a baya, ka durƙusa daidai tsayinsa, ka tambaye shi, "Me kake so ta yi? Me ta yi maimakon haka? Me ka danna na ƙarshe?" In ya zama dole, ka nuna wurin da yatsa, shi ya danna. Wannan ya fi cin lokaci a makonnin farko, amma kafin tsakiyar zango kiran zai ragu sosai.

Mataki na huɗu: 'yan shekara 5 zuwa 7

A nan kada ka kawo ma'anar kwamfuta ko tarihinta. Abin da ke gabansu shi ne linzami, kuma koyonsa hawa-hawa ne: riƙo, motsawa ba tare da ɗagawa ba, danna sau ɗaya, ja da saki, sannan a ƙarshe danna sau biyu a jere. Wannan na ƙarshen shi ne mai wahala, domin hannun yaro ƙarami ne, yana dannawa linzamin na zamewa, sai kwamfuta ta ɗauka jan abu yake yi. Kafin ya iya, ka koya masa ya danna sau ɗaya sannan ya buga Enter. Ka shiga saitin kwamfutar ka rage gudun kibiyar, ka ƙara mata girma. Ka manna ɗan jan ƙyalle a madannin hagu na linzami, ka riƙa cewa "danna ja" maimakon "danna hagu", tunda da yawansu hagu da dama ba su gama bambanta musu ba. Bahago kuma ka mayar masa da linzamin ɓangaren hagu, kada a tilasta masa.

Allon madannai ma yana da tarko. Haruffan da ke kansa manya ne, su kuwa ƙananan haruffa suka fi gani a littafi, ga shi ba a jere suke kamar yadda suka haddace ba. Yaro zai yi minti guda yana neman harafin farko na sunansa. Ka bar shi ya nema. Rubuta suna kaɗai ya isa darasi guda, kuma ranar da ya ga sunansa a fuskar kwamfuta za ka ga murna ta gaske. Kada aiki ɗaya ya wuce minti goma: wasan linzami a GCompris, a miƙe a motsa jiki, sannan zane a Tux Paint. In makarantar na da kwamfutar hannu ta shafawa, akwai ScratchJr da ya fito a 2014 don masu waɗannan shekarun, tubalan umarninsa hotuna ne, ba sai yaro ya iya karatu ba.

Darasin da na fi so a wannan aji ba ya buƙatar na'ura. Ka zana murabba'i da alli a ƙasa. Yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi, ba ya yin komai sai abin da aka ce, sauran su ba shi umarni: "Taku uku gaba. Juya dama." In suka ce "je can", ya tsaya cik, don mutum-mutumi bai san "can" ba. Za su yi dariya, amma sun fara gane cewa na'ura umarni bayyananne take so. Da ya zagayo inda ya fara, ka tambaye su sau nawa suka faɗi magana iri ɗaya. Za su ƙirga su ce huɗu. Ka riƙe wannan murabba'in, za mu sake haɗuwa da shi a sama. Dabarar tsohuwa ce: a 1967 Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen Logo don yara, wanda ya shahara da kunkurun da ke zane in an ba shi umarni, kuma Papert yakan sa yaro ya taka hanyar kunkurun da ƙafarsa in lissafin ya rikice masa.

Mataki na biyar: 'yan shekara 8 zuwa 11

Waɗannan sun iya karatu, hannunsu ya yi ƙwari, kuma duk ɗabi'ar da suka ɗauka yanzu da ita za su girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a nan ake gyara bugun rubutu. Ka sa su shafa madannin F da na J, za su ji ɗan tudu a kan kowanne. Nan ne mazaunin yatsun nuni biyu, sauran yatsu su jeru a gefensu, manyan yatsu a kan dogon madannin tazara. Minti goma a farkon kowane darasi sun fi awa guda sau ɗaya a wata. Ka hana su tseren sauri, ka yaba wa wanda bai yi kuskure ba ko da a hankali yake.

Abu na biyu adanawa. Kowa ya buɗe folda da sunansa, kowane fayil ya sami suna mai ma'ana, kuma ka sa su rufe fayil su sake nemo shi da kansu, don adanawar da ba a iya nemowa ba ba ta da amfani. Ka koya musu Ctrl da S tun makon farko. Ctrl da Z kuwa ka nuna musu shi kamar wani abin al'ajabi: ka rubuta jimla, ka goge ta gaba ɗaya a gabansu, ka dawo da ita. Yaron da ya san ana iya komawa baya ya daina tsoron taɓa abu.

Sai Scratch. Ƙungiyar Mitchel Resnick ce ta fito da shi a 2007 a cibiyar MIT da ke Amurka, don 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma an fassara shi zuwa harsuna da dama, har da Hausa. Maimakon rubuta umarni, yaro yana jawo tubala masu launi yana haɗa su, wata kyanwa kuma tana bin abin da ya haɗa. Don ta yi zane sai ka ƙaro tubalan alƙalami daga madannin da ke kusurwar hagu ta ƙasa. Ka dawo musu da murabba'in nan: taku 100, juya digiri 90, a jera har sau huɗu, tubala takwas ke nan. Ka bar su su jera takwas ɗin da hannunsu har su gaji, sannan ka nuna tubalin maimaitawa, wanda ke rungume biyu ya yi aikin takwas. In ka nuna shi da wuri ba za su ga amfaninsa ba. Kyanwar tana gama zanen kafin ƙiftawar ido, saboda haka ka sa su ƙara tubalin jira na daƙiƙa ɗaya, su ga kowane gefe yana fitowa.

Daga nan ka ce su zana alwatika mai gefe daidai, ka yi shiru. Duk wanda ya koyi kusurwa a lissafi zai sa 60. Na tuna wani yaro da ya sa 60, ya maimaita sau uku, sai ga wani abu kamar bakin kwano a buɗe, bai rufe ba. Ya sake, haka dai. Ya ɗago ya ce, "Malam, kwamfutar nan ba ta iya lissafi ba." Na ce masa ya tashi ya taka alwatikar a ƙasa, ya lura da yawan juyawar jikinsa a kowace kusurwa. Ya taka, a kusurwar farko ya tsaya, ya ce ai juyin ya fi na murabba'i yawa. Ya koma ya gwada 100, ta kusa rufewa, ya gwada 120, ta rufe ruf. Bai gaya wa kowa ba sai da ya gwada mai gefe biyar da mai gefe shida, sannan ya miƙe yana cewa ya gano: a raba 360 da yawan gefen. Da na faɗa masa 120 tun farko, da minti goma sha biyar ɗin nan ba su faru ba.

Mataki na shida: 'yan shekara 12 zuwa 14

A wannan shekarun tambayar "me amfanin wannan?" take fara fitowa, kuma tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce aiki da bayanan gaske. Ka kawo tef ɗin awo, su auna tsayin juna ko tsawon tafin hannu, su zuba a Excel ko takwaransa na LibreOffice. Ka guji makin jarrabawa da nauyin jiki, don kada ka kunyata wani a gaban tsaransa. Su koyi cewa kowane lissafi da alamar = yake farawa, su rubuta =AVERAGE(B2:B31) su ga matsakaicin tsayin aji. Sannan ka ce wani ya sauya lamba ɗaya, kowa ya kalli amsar tana sauyawa da kanta. Nan ne suke gane bambancin wannan da kalkuleta. Idan suka ja lissafi ɗaya zuwa ƙasa ya cike layuka talatin, ka tuna musu cewa maimaitawar nan ce dai ta sake dawowa da wata riga.

Darasinsu na ranar da babu na'ura shi ne ƙidayar kwamfuta, wadda da 0 da 1 kawai ake yin ta. Ka yanka kati biyar masu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1, yara biyar su riƙe a gaban aji. Katin da ke fuskantar aji shi ne 1, wanda aka juya shi ne 0. Ka ce a nuna 9, su yi ta gardama har su tsaya a kan 8 da 1. Da kati biyar ana ƙirgawa daga 0 zuwa 31, da takwas kuwa har 255, kuma harafin A babba a cikin kwamfuta lamba 65 ne. Wasan yana cikin tarin darussan CS Unplugged, waɗanda Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand ya shirya tare da abokan aikinsa, kyauta suke ga kowane malami.

Maganar intanet ma a nan take da muhimmanci. Facebook da Instagram da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, abin da ke da nasaba da wata dokar Amurka ta 1998 kan tattara bayanan yara, amma za ka tarar wasu sun riga sun shiga. Wa'azi ba ya kama su. Ka kawo misalan saƙonnin yaudara da ka rubuta da kanka, su nemo alamun ƙarya a ciki. Ka nuna musu cewa kalmar sirri doguwa ta fi gajera mai sarƙaƙiya, kuma ba a ba aboki. In an yi bincike, su faɗi wanda ya rubuta shafin da lokacin da aka rubuta. Idan kuma wani yaro ya same ka a gefe ya ce wani yana damunsa ta intanet, kada ka yi masa alkawarin ɓoyewa. Ka saurare shi da natsuwa, ka kai maganar ga shugaban makaranta ko wanda aka ɗora wa kula da irin wannan a ranar. Kai ɗalibi ne, wannan kaya ya fi ƙarfin kanka kai kaɗai.

Mataki na bakwai: 'yan shekara 15 zuwa 18

Manya sun isa rubuta umarni da haruffa, kuma Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, shi ne mafi sauƙin shiga. Yana ma zuwa da kunkurun Logo a cikinsa, don haka murabba'inmu ya zama layi huɗu:

```
from turtle import *
for i in range(4):
    forward(100)
    right(90)
```

Kada ka fara da farar takarda ka ce su rubuta. Akwai hanyar da Sue Sentance da abokan aikinta a Ingila suka tsara, ana kiranta PRIMM, kuma na ga amfaninta. Ka ba su waɗannan layukan a takarda, kwamfuta a kashe, su yi hasashen abin da zai fito. Sannan su gwada su gani. Sannan su bincika: me zai faru in aka cire tazarar da ke gaban layi na ƙarshe? Sannan su gyara shi ya zana wani abu daban. Sai a ƙarshe su ƙirƙiro nasu. Karanta abin da wani ya rubuta yana zuwa kafin rubuta naka, kamar yadda yake a kowane harshe.

Jan rubutun kuskure yana firgita su. Ka koya musu su fara karanta layin ƙarshe na saƙon, su dubi lambar layin da ya ambata. Ka riƙa yin kuskure da gangan a gabansu kana gyarawa da murya a sama. Wani tarko da kusan kowa ke faɗawa: in suka karɓi 2 da 3 daga mai amfani suka haɗa, sai amsa ta fito 23, domin Python ya ɗauke su a matsayin rubutu har sai an mayar da su lamba. Ka bar su su faɗa tarkon, ya fi zama a kai. Nakan ba su labarin 1947, lokacin da masu aiki da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard suka tarar da ƙwaro ya maƙale a cikin na'urar, suka manna shi a littafin aikinsu, da yake "bug", wato ƙwaro, ake kiran kuskuren na'ura da Turanci. Neman kuskure rabin sana'ar ne tun asali. Wasu za su kwafo amsa daga intanet ko daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ba sai ka yi faɗa ba, ka nuna layi ɗaya ka ce, "Bayyana mini wannan, sannan ka sauya shi ya yi kaza."

Tazarar shekarunku kaɗan ce, kuma nan ne ɗalibi mai koyarwa ke zamewa. Kada ka ba su lambar wayarka, kada ka karɓi abotarsu a shafukan sada zumunta, kada ka keɓe da ɗalibi ko ɗaliba a ɗaki rufe. Za ka kuma haɗu da wanda ya fi ka sanin wani abu. In ya tambayi abin da ba ka sani ba, ka ce, "Ban sani ba, bari mu bincika," ka dawo da amsa a darasi na gaba. Manya suna gane kame-kame nan take, kuma suna girmama wanda ya cika alkawarin dawowa da amsa.

Idan kwamfuta ba ta kai yawan yara ba

Biyu a kan na'ura ɗaya ba asara ba ce in an tsara. Ɗaya direba, hannunsa a kan madannai, ɗaya mai nuna hanya, da baki kawai yake aiki. Kowane minti biyar zuwa bakwai ka buga alama su sauya kujera. Ka sa ido sosai a nan, domin in ka bari, mai ƙarfin hali zai riƙe linzami har a tashi, mai kunya kuma, sau da yawa yarinya, ta gama zango ba ta taɓa komai ba. In sun wuce uku a kan na'ura, ka raba ajin biyu, rabi a kan kwamfuta, rabi a kan aikin kati ko takarda, a yi musanya a tsakiyar darasi. Masu saurin gamawa ka tanadar musu ƙarin aiki mai ɗan wuya a rubuce, ko ka naɗa su mataimaka bisa sharaɗin da kai ma kake bi: baki kawai, ban da hannu.

Awo, littafin aiki da naka karatun

Jarrabawar takarda da ke tambayar sassan kwamfuta ba ta nuna wanda ya iya. Ka dawo da jerin sunayen nan na makon farko, ka sake ba da aiki a aikace, ka ga su wa suka tashi daga "da taimako" zuwa "ya iya". Bayan kowane darasi ka rubuta layi uku a littafinka tun kafin aji na gaba ya shigo: inda aka tsaya, abin da ya cije, sunan wanda ke buƙatar a koma kansa. Da azuzuwa shida, zuwa Laraba ba za ka tuna wanda ya kai ina ba. Wannan minti biyar ɗin kuma shi ne lokacin sauya murya, don harshen da ka yi wa 'yan shekara shida in ka shiga da shi ajin manya sun ɗauka raini ne.

Kai ma kana da jarrabawarka. Abin da ya cece ni shi ne ɗaukar jigo guda a mako, kamar maimaitawa ko adana bayani, in shirya shi hawa huɗu a zama ɗaya, maimakon darussa shida da ba su san juna ba. Ka roƙi wani gogaggen malami ya zauna a bayan aji sau ɗaya ko biyu, ka tambaye shi abu takamaimai: minti nawa na yi ina magana, kuma wane ɓangaren ɗaki ne ban leƙa ba?

Kafin wa'adinka ya ƙare, ka kwafe foldojin yaran a wuri ɗaya, ka rubuta wa wanda zai gaje ka takarda shafi guda: kwamfuta mai lamba 7 harafin E ɗinta ya mutu, aji ɗaya sun iya ja da saki amma danna biyu bai zauna ba, aji biyar sun tsaya a alwatika, manya sun fara karɓar lamba daga mai amfani. Ka haɗa da katunan ɗigon nan biyar da jerin sunaye mai alamomi, ka miƙa su tare da mabuɗin ɗakin.